Na Kai Lakar Bunkure Kano

Bunkure

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito da bokitin laka a hannu. E, laka! Ɗalibaina na ajin kimiyya sun ƙera mutum-mutumi mai taya huɗu, don ya riƙa fito da kwandon tumatir daga gona. Moto, wato ɗan injin da ke juya taya, mai gudu suka zaɓa masa. A simintin aji kamar zomo, a gona kuwa nan take ya kafe. Shugaban makaranta ya ce in bai motsa ba ranar Asabar, ɗakin aikinmu zai koma ma'ajiyar taki. Shi ne na nufi Kano neman wani moton, da lakar gwaji.

Direban bas ya leƙa bokitin. "Malam, ƙasa ta ƙare a Kano ne?"

"Ja mota kawai, direba."

Kwanar Dawaki

Shida da kwata. Jami'in shinge ya tsoma sanda har gindin bokitin, bai taɓo komai ba, ya bi ni da kallon tausayi. Nan na karya da ƙosai.

Sabon Gari

Ƙarfe tara mai shago ya baje min moto iri-iri masu ƙyalli. "Yallaɓai, wannan gudu ne da shi!" Na ɗaura taya, na jona batir, na dasa a laka. Ya yi ƙugi, ya mutu. Na biyu da na uku ma haka. Ya ce in kwashe ƙazantata. Raina ya ɓaci, amma gaskiyarsa, na ɓata masa tebur.

Ƙofar Ruwa

Bayan azahar na faɗa rumfar Alhaji Sule, dattijo mai kayan tsofaffin motoci. Ya murza lakar da yatsu.

"Wannan ta gonar rani ce. Ni ma ɗan yankinku ne, daga Kura. Ɗana, ba gudu kake nema ba, ƙarfi."

Ya zaro moton waifa mai goge gilashin mota guda biyu, baƙi ƙirin da mai. Taya ta juya a hankali tana ture laka, ta ƙi tsayawa. Wallahi sai da na yi kabbara. Ya haɗa min da tayoyin keken yara, ya kuma hana ni tafiya sai da muka ci shinkafa da wake.

Gida

La'asar sakaliya na iso. Habiba, shugabar ɗaliban, ta yatsina fuska. "Malam, wannan tsohon?"

"Ɗaura kawai, sarkin tsari."

Ranar Asabar mutum-mutumin ya ratsa gonar da kwando maƙil, yana jan jiki, manoma na biye suna dariya. Da ya hau kunya ya sauka lafiya, dariya ta ɗauke. Shugaba ya ciro makullin ɗakin ya miƙa wa Habiba.

Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Alhaji Sule da alheri. Ina shirin tafiya, wani manomi ya ja ni gefe, ya rage murya:

"Malam, gobe zan ɗebi tumatir. Yana da wani aiki ne?"