Na Rasa Gidan Malam Ilu

Jiya na sauka a Sharaɗa ina neman gidan Malam Ilu, aminin maigidana tun suna aikin masaƙa a shekarun saba'in. Na fita takaba, na ce bari in sanar da shi rasuwar da bakina.

Kwatancen da na sani ɗaya ne: a ratsa gonar rogo, a karya dama a gindin kuka. Yanzu ko'ina gidaje, layin da na shiga duk sai ya ƙare a katanga.

Wani dattijo mai kayan miya ya ce, "Hajiya, kukar nan ai tun kafin a jawo mana wuta aka sare ta. Wane layi ne?"

Na ce, "Malam, sanda na san wurin nan babu layi."

Haka na juyo gida. A wajen Malam Ilu, har yau abokinsa yana raye.

Ku da kuka san Sharaɗar da, ta ina zan fara?