Batha Biyu Ce Ashe

Juma'a, Riyad

Tun ba a kira asuba ba muka fito daga ɗakinmu na unguwar Al-Oud, ni da autana Habu. Na rungumo kular fura, shi ya ɗauko jaka. Ku matan gida da kuka ce in rubuto muku yadda aka yi, to ga shi, ba zan gyara komai ba.

Ƙanwata Baraka ce kwance a asibiti a Sharja, gaba da Dubai. Ɗanta Lawali ya aiko min murya ta waya, ya ce, "Inna, in za ki zo ki zo, likita ya daina ɓoye mana." Furar ma ita ta ce in dama mata.

Takardunmu na fita da dawowa duk sun fito. Motar kuwa ta kafil ɗin Habu ce, Balaraben da yake yi wa aiki a masana'antar robobi. Ya ba da ita har da takardar izini, amma da sharaɗi. Wai hanyoyin Dubai na kuɗi ne, kuma ba mutum ake miƙa wa ba. Wata sitika ce ake mannawa a gilashin gaba, in mota ta bi ƙarƙashin wani ƙarfe sai ta cire kuɗin da kanta. Wadda ba ta da ita, tara ke bin mai motar har gida. Balaraben ya ce wa Habu tara ɗaya ta hau lambar motarsa, ya nemi wani aikin.

Habu ya tambayi Lawali inda ake sayarwa. Lawali ya ce, "Ku dai zo Batha, daga nan za ku samu."

Batha! Ga ta nan bayan unguwarmu. Can nake sayen barkono, can nake aika wa jikoki saƙo. Na ce wa Habu mu biya mu saya, mu wuce.

Mun manta Juma'a ce. Kasuwa a rufe ruf, sai kyanwoyi. Muka zauna cikin mota har aka sauko masallaci, har aka yi la'asar, sannan aka fara ɗaga ƙofofi. Muka shiga layin masu kayan mota. Wani ɗan Bangali ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mafi, Mama." Babu ke nan. Na gaba ya ɗauko mana abin riƙe waya. Wani Bayamane kuma ya ce akwai, ya shige ciki ya daɗe, ya fito da sitika mai ruwan zinare. Na kai ta kusa da ido na haɗa baƙaƙen: Masha Allah aka rubuta.

Na ce, "Wannan ce za ta biya kuɗin hanya?"

Ya ce, "Wannan ta fi kuɗi, Hajiya."

Ban yi dariya ba. Wayar Lawali a kashe, ana ta bugawa. Da magariba na ce, "Auta, tada mota mu tafi haka nan."

Ya ce, "Inna, in mutumin nan ya kore ni igamata ta tafi, ba ni da takardar zama ke nan. Yara fa uku a Tasawa."

Na ce masa matsoraci, na ce ubansa bai taɓa tsayawa tambayar hanya ba. Ya juya kan mota. Muka koma ɗakin da muka yi wa sallama da safe, muka kwana.

Asabar, Riyad zuwa boda

A masallacin asuba Habu ya ba wani Malam Isufu labari, mutumin Damagaram ne mai jan tirela zuwa ƙasashen nan. Sai ga shi ya biyo shi har bakin mota, hula a keya.

Ya ce, "Hajiya, ina kwana. Wace Bathar aka ce muku?"

Na ce, "Batha nawa ce?"

Ya ce, "Biyu. Akwai ta barkono, akwai ta boda. Inda ake buga fasfo a fita ƙasar nan, sunan wurin ke nan, Batha. Abin da kuke nema na mutanen Dubai ne, me zai kawo shi kasuwar Riyad? Sai kun tsallaka, a gidan mai."

Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye. Ƙasa mai faɗin nan, a ce an rasa sunan da za a raɗa wa wuri sai an maimaita! Na shekara nawa a garin nan ban taɓa jin wata Batha ba. Ina zan ji? Daga ɗaki sai kasuwa.

Muka kama hanyar Kharj rana na fitowa. Bayan Kharj ba abin gani sai rairayi da tireloli. A Harad muka tsaya shan mai da sallar azahar. Habu ya sayo shinkafa da rabin kaza, na kasa ci. Na buɗe kula, fura ta yi tsami har ta kumbura. Na zubar da ita bayan masallaci, na ɗauraye kular da ruwan alwala.

Mun iso Batha ta boda bayan la'asar. Ba kasuwa, ba barkono, layin motoci ne kawai har inda ido ya tsaya. Aka duba takardar mota, aka sa muka yanki inshora, aka ɗauki hoton idona. Wani yaro mai kaki ya ce in buɗe ido sosai. Na ce iyakarsa ke nan, sauran ya tafi wajen kuka. Bai ji Hausa ba, ya buga hatimi. Sai bayan isha muka tsallaka.

Gidan man farko suka ce ba su da ita, sai gaba. Habu kuma ya fara gyangyaɗi a kan sitiyari, mota na cin layi. Na ce ya tsaya kafin ya kashe mu. Muka kwana cikin mota a wani gari wai shi Sila.

Lahadi, hanyar Dubai

Da hantsi wayar Lawali ta shiga. Na karɓe daga hannun Habu.

Na ce, "Kai, wace irin magana ce ka yi mana? Ka ce Batha ba ka ce wacce ba?"

Ya ce, "Inna, ku taho a hankali. Kar Habu ya yi gudu."

Yaron da ya ce in za ki zo ki zo, yau shi ke cewa a hankali. Ban tambaye shi komai ba. Na miƙa wa Habu wayarsa.

Mun wuce Abu Dabi, dab da Dubai, muka sami abin a wani gidan mai. Yana rataye kusa da cingam. Wata yarinya ta miƙo shi ko kallonmu ba ta yi ba. Ƙaramin kwali ne, ciki wata 'yar takarda mai gam da ba ta kai tafin hannuna ba. Aka kankare lamba a bayan kwalin, ina karantowa Habu yana dannawa a waya, ya sa lambar mota, ya goge gilashi da hannun riga, ya manna ta bayan madubi. Shayin da ya saya bai huce ba aka gama.

Na zaci za mu tarar da shinge, da mutum a zaune. Duk tafiyar da na yi a duniya akwai wanda ake gaisarwa a shinge, a ce masa ɗana ka taimaka, mara lafiya gare ni. Nan ba kowa. Wani ƙarfe ne a sama ya ƙetare titi, motoci na bi ta ƙasa a guje.

Na ce, "Ina wurin biyan?"

Habu ya ce, "Mun wuce, Inna."

"Ta cire?"

"Ta cire."

Ko ƙara ba ta yi ba.

Sharja

Lawali na tsaye a ƙofar asibiti da wasu maza biyu. Ya durƙusa ya riƙe gefen zanena. Baraka ta cika ranar Asabar da dare, muna cikin layin boda.

Sai da aka yi ta bin takardu kafin su ba mu ita. Ni na yi mata wanka, da wata Basudaniya mai aikin wurin. Ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa. Na tsefe mata kai, na yi mata kalba uku.

Bayan an kai ta, na zaunar da Lawali na ce ya gaya min gaskiya, ranar Juma'a tana magana?

Ya ce tana yi. Ya ce shi ya sa ya kashe waya, don likita ya hana hayaniya a ɗakin. Wai ta sa an ɗaga mata gado tana fuskantar ƙofa, duk wanda ya turo sai ta ce, "Yaya ce?" Har azahar ɗin Asabar tana tambaya. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Komowa

Bayan addu'ar uku muka juyo. Hanyar dai ita ce, ba abin da zan ƙara muku. Sai a Kharj Habu ya ce, "Inna, da na ji maganarki." Na ce ya kalli titi. Me zan ce masa? Yara uku ne a Tasawa, ba ƙarya ya yi ba.

Mun shigo Al-Oud ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Isufu, da Basudaniyar da ta riƙe min buta, da ku da kuka yi zaman makoki a gida ba mu nan. Wadda ta karanta wannan ta karanta wa sauran, ku sa Baraka a addu'a. Ta jira ni yini biyu tana kallon ƙofa, ban shigo ba.