Jitar Baba ta tafi Kelle

Jama'a, yau an fitar da jitar Baba daga gidanmu a kan faifan cuku!

Kun san tsohuwar jitar nan da ke rataye a zaurenmu. Tun ina ƙarama nake goge ta, ina mafarkin ranar da zan kaɗa wa masoyina ita. Baba bai taɓa barina na taɓa tsirkiyarta ba.

Ɗazu wata tsohuwa mai tallan cuku daga garin Kelle ta yi sallama. Sai na ga idonta ya kafe a bango.

Ta ce, “Har yanzu wayar birkin keken da na ɗaura mata ce a jiki?”

Baba ya miƙe zumbur. “Falmata?”

Ta sauke jitar, ta murɗa kunnuwanta, ta fara kaɗawa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi! Baba har da hawaye!

Na ce, “Baba, ai ni ka yi wa alkawarinta!”

Ya ce, “Ajiya ce, 'yata. Mai ita ta zo.”

Tana ɗora ta a ka ta dube ni. “Ke, kin iya kaɗawa?”

Na girgiza kai.

Ta miƙo min cuku ɗaya, ta fice.