Ɗigon Ruwa a Hanyar Maigatari

Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Malama Rabi ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata in ta ga na tsaya ina kuka, ta jira ni, kada ta ƙara komai nata.

Mu biyu uwarmu ta bari a duniya, ni da Yaya Abu da ke aure a Maigatari. Tun ranar da muka wanke uwarmu muka yi alkawari: duk wadda ta riga mutuwa, 'yar'uwarta ce za ta yi mata wanka. Ranar wata Laraba cikin bazara aka aiko cewa jikinta ya yi tsanani, tana kiran sunana.

Daga ƙauyenmu zuwa Ɗanzomo

Washegari muna sallame asuba muka tashi. Habu ne ya ɗauke ni, ɗan ƙanin mai gidana, marigayi Malam, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shi ya gaji tsohuwar a-kori-kurar Malam, ga buhunan gero a baya da zai kai kasuwar Alhamis. Rabona da shiga motar tun rasuwar Malam. Ina zama na ga galan ɗinsa na ruwa a rataye, da siririyar robar nan irin ta ƙarin ruwa a asibiti, sai hawaye.

Dabarar Malam ce. Robar tana bi ta shiga maƙogwaron injin, inda yake shaƙar iska. Yakan ce mini in zafi ya yi yawa, wutar cikin inji tana kamawa kafin lokacinta, sai ka ji yana ƙwanƙwasa kamar taɓarya a turmin da ba hatsi. In ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan, sai ya bi iska ya zama tururi, cikin ya huce, wuta ta kama a kan lokaci. "Kamar mara lafiya ne, Hauwa," in ji shi. "Da cokali ake ba shi, ba da moɗa ba."

Yashi ya riƙe mu sau biyu kafin mu hau kwalta. Mutanen da suka fito sharar gona ne suka tura mu.

Gumel

Rana ta ɗaga muka shiga Gumel, muka tarar da layi a gidan mai. Habu ya sayo mini koko da ƙosai, na ajiye su ban taɓa ba.

"Inna, ki ci mana. In Gwaggo Abu ta gan ki haka, ni za ta zaga, ta ce na kawo mata ƙashi da fata."

"Ai ko na ci tuwo akushi guda sai ta zage ka. Tun kana tsumma take cewa kanka kamar tulu."

Ya yi dariya, ya kira Maigatari a wayarsa. Suka ce tana numfashi, ta tambaya ko mun taso. Na ce a gaya mata ga ni nan tafe.

Tsakanin Gumel da Maigatari

Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, ita ta cinye mu. A shingen bincike na farko aka sa Habu ya kwance igiya, aka caccaki buhuna. Manyan motocin shanu sun cika hanya. Da hantsi ya yi, iska ta zama kamar bakin murhu, injin ya fara ƙwanƙwasar nan. Habu ya murza 'yar tayar robar, ruwa ya fara ɗiga, ƙarar ta lafa. Na ji kamar Malam ne a gefena.

Sai waya ta yi ƙara. Ya saurara, ya gangara gefen hanya, bai kashe motar ba.

"Inna, sai haƙuri."

Na yi salati. Ban yi kururuwa ba. Na ce, "Ka ce musu kada kowa ya taɓa ta. Ni zan wanke ta."

Suka ce za su jira, amma mu yi sauri, zafin nan ba ya barin gawa.

Muka hau hanya, ya taka motar iya ƙarfinta, ƙwanƙwasar ta dawo fiye da da. Ya tsaya, ya ɗaga murfin gaba, ya ciro galan ɗin. Na leƙo ta taga.

"Habu, me za ka yi?"

"Ɗigon nan ya yi mata kaɗan, Inna. In ta sha sosai za ta huce gaba ɗaya, mu tashi sama."

"Babanka cewa yake da cokali."

"Baba bai taɓa sauri irin na yau ba."

Ya tuttula mata a maƙogwaro, injin na aiki. Na ji ƙara ɗaya, ƙwas, kamar an karya icce, sai shiru. Ya murza makulli, ko motsi. Wani direban tirela da ya tsaya duba taya ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce inji yana iya matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, ƙarfen ciki ya lanƙwashe. Habu ya zauna a kan kwalta mai zafi ya rufe fuska. Don ni ya yi, na sani.

Ranar kasuwa ce, kowace mota cike har saman. Na tsaya a rana ina ɗaga hannu har inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Daga ƙarshe wani mai babur da ke ɗauke da akuya ya ɗaure ta a gaba, ya ce, "Hau, Iya, ki riƙe rigata." Ban taɓa hawa babur ba sai ranar.

Maigatari

A bakin lungu na gamu da maza suna dawowa, makara a kafaɗa, ba kowa a kai.

Maƙwabciyarta Iya Ladi ce ta tare ni a tsakar gida, hannun rigarta bai bushe ba. Ta ce, "Mun jira, Hauwa, wallahi mun jira. Liman ya aiko sau uku." Ban ga laifin kowa ba. Na shiga bayan ɗaki inda aka yi wankan, ƙasa da danshi har lokacin, ga ƙamshin magarya. Na durƙusa na dafa wurin. Iyakar abin da na samu na Yayata ke nan.

Na kwana uku a kan tabarmarta. Ranar da zan tafi Iya Ladi ta miƙo mini ƙunshi: farin yadi, sabulu da turare. Ta ce biyu Yaya ta saya bara. Ɗaya ta tafi da shi, wannan ta ajiye don ranar da za ta zo wanke ni.

Komawa gida

Na shiga motar haya zuwa Gumel. A can na tarar da Habu, an jawo motar Malam, bakanike ya ce injin sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Na roƙa aka kwance mini galan ɗin da robar. Muka bi ta Ɗanzomo, muka isa gida da la'asar, Habu bai ɗaga ido ya dube ni ba ko sau ɗaya.

Na gode wa mutanen da suka tura mu a yashi, da mai babur da ban san sunansa ba, da Iya Ladi da ta yi aikina. Na gode wa Habu, kuma Malama, ki karanta masa wannan wurin da ƙarfi, don ya daina zagaye ƙofata. Allah ya jiƙan Yaya Abu, ya jiƙan Malam.

Galan ɗin yana rataye a ɗakina, ƙunshin yana ƙarƙashin gado. Jiya na kira matar Habu na nuna mata inda ƙunshin yake, na koya mata ta gefen da ake fara wankan gawa. Ita gidanta katanga ɗaya ce tsakaninmu, ba sai ta hau mota ba.