Sabulun Gwaggo 'Yardada a Cikin Gara

Gwaggo 'Yardada, ƙanwar babanmu, a waya ta koyi haɗa sabulu. Ba ta sayarwa, sha'awa ce kawai. Sai dai tana yanka shi kamar tuwon madara.

Ranar kai garar yayata Bahijja unguwar Madabo, mata suka haɗa farantin sabulun da alkaki da nakiya suka tafi. Gwaggo ta zari mayafi ta bi su da gudu, kada a ce mun ciyar da surukai sabulu.

Ta tarar da uwar ango tana kurkure baki, kumfa har haɓa.

"Hajiya," in ji uwar angon, "a baki kam ba daɗi, amma wannan ƙamshi! Akwai saura?"

Tun ranar Gwaggo take zuba wa sabulunta shuɗi, don kada a sake ɗauka tuwon madara ne.