Farin Wake Biyu a Tafin Malam Buba

Har na yi ritaya ban manta da wata ranar Alhamis ba, lokacin ina koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a nan cikin garin Bauchi. Ina shugabar sashen kimiyya a lokacin, wato ni ke duba tsarin darasin ƙananan malamai kafin a kai wa mataimakin firinsifal ya sa hannu. Amma darasin gadon halitta na 'yan ajin ƙarshe ba na bar wa kowa, don ina sonsa kamar me.

Ga yadda nake koyar da shi. Ƙwarya biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, kowacce rabi jan wake rabi fari. Ɗaliba ta rufe ido ta zaro ƙwaya ɗaya daga kowace ƙwarya, wannan shi ne abin da ɗa ya gada. Jan wake shi ne ƙwayar da ke ba fata launi, farin kuwa ba ya bayarwa. In dai akwai ja ko ɗaya, ɗa zai fito da launinsa. Sai fari ya haɗu da fari ake samun zabiya, alhali iyayen duka baƙaƙe ne.

Ranar nan da aka tashi, wata ɗaliba mai suna Hajara ta ƙi fita. Yarinya ce mai surutu kamar aku, amma tun safe ban ji muryarta ba.

"Malama, ki ara min ƙoren nan," ta ce.

"Miya za ki yi da su?"

Sai ta fashe da kuka. Ashe mahaifiyarta ta haifi 'ya mace zabiya. Jibi suna, amma babanta ya ce ba zai yanka rago ba, domin tsohuwarsa ta rantse a danginsu ba a taɓa ganin irin wannan ba. Ba wanda ya furta mummunar kalma, amma kowa ya san abin da ake nufi, maijego kuma ko abinci ta daina ci.

Ƙa'idar aiki ta hana malami shiga maganar gidan ɗalibi ba da sanin hukuma ba, don haka na sami mataimakin firinsifal. Ya saurare ni, ya ce, "Malama Asabe, makaranta ba ta aike ki ba. Amma barka ai ba a hana kowa zuwa." Na gane, na sayi sabulu, muka hau keke mai ƙafa uku ni da Hajara sai unguwarsu, Inkil.

Malam Buba, baban Hajara, Bafulatani ne da ya zauna gari yana sana'ar shanu, mutum mai kunya da taurin kai. Bayan gaisuwa na shimfiɗa bayanina a tsakar gida, tsohuwarsa, Inna, tana gefe tana jan carbi ba ta ko kalle ni ba. Na roƙe shi ya zara da hannunsa. Ya zaro ja da fari, ya sake, ja da ja, yana murmushin raini. Can sai ya buɗe tafinsa, ga farare biyu.

Ni a zatona an gama. Ina! Sai ya watsar da waken.

"Wato kin zo har gidana ki ce ni ma ina ɗauke da abin? A jinina?"

"Kai da ita, Malam. Ba ya fitowa sai ta ɓangare biyu. Ba laifin kowa ba ne, kuma ba cuta ce da ake ɗauka ba."

"To, nuna min shi a danginmu."

Wake kuwa ba ya nuna kakanni. Na ce a raina na zo gyara na ƙara ɓatawa. Har na fara tattara ƙorena sai Inna ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Buba, akwai shi. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunansa Sambo."

Ta ce a ruga aka haife shi, ana tura shi kiwo cikin rana kamar sauran yara, fatarsa ta yi ta gyambo, har ya rasu bai yi aure ba. Tun daga nan ba a ƙara ambatonsa ba. "Da na ga jaririyar nan, shi na gani," in ji ta. "Tsoro ne ya sa na ce ba tamu ba ce. Allah ya yafe min."

Sannan ta juyo gare ni a karo na farko. "Ke mai wake, ita ma haka za ta ƙare?"

Na ce a'a, da yardar Allah. A kiyaye ta daga zafin rana, a sa mata hula mai faɗi da riga mai dogon hannu, a kai ta asibiti a duba idonta, in ta shiga makaranta a zaunar da ita gaba. Inna ta miƙe ta shiga ɗakin maijego, muka jiyo ta tana cewa, "Miƙo min jikata." Malam Buba ya sa takalmi ya fita. Kafin mu bar gidan sai ga shi yana janye da rago. Wallahi sai da na yi hawaye. Ranar suna ya sa wa jaririyar sunan Inna.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. Abin da muke zanawa a allo, a gidan wani ɗalibi maganar aure ce da mutunci. Kuma sau da yawa mai musu da kai ba jahili ba ne, wani abu ya taɓa gani da ya tsorata shi. Ni na je da amsar daga ina abin ya fito, ashe tambayar tsohuwa ita ce ko yarinyar za ta rayu.