Gaisuwar Injin Labbo

A Rawayya in ka ce Labbo sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Labbo mai gaida inji, har ƙofar gida za a kai ka. Tsohon injin niƙa gare shi mai shan dizal. A Tsafe ya sayo shi tun gemunsa na baƙi, kuma da shi ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'yansa.

Kowace safiya masu niƙa na tsaye da kwanonin dawa, shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya duba baƙin mai, ya ɗiga kaɗan a kan inji, ya ɗaga ɗan ƙarfen da ke hana shi tashi, ya yi ta juya hannun injin a hankali har man ya ratsa ko'ina. Sannan ya saki ƙarfen, inji ya kama. Wannan shi yake kira gaisuwa. In aka tsokane shi sai ya ce, "Mai in ya kwana ƙasa shika komawa, sama ta bushe. Kai in anka tashe ka babu gaisuwa anka ce ɗauki buhu, mi za ka ji?"

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, 'yarsa Asiya ta ɗauke shi zuwa Damba, cikin Gusau. Ya garƙame shagon injin yana waiwaye. Damina ta wuce, wata ta biyo ta. Abinci bai yanke masa ba, amma zaman a ba ka ka ci ya ramar da shi, kuma ba shi da zance sai na ranar da zai koma ya ci guminsa.

Da abin ya lafa, ya aika wa amininsa Dogo cewa yana tafe. Dogo, bawan Allah, murna ta ɗebe shi. Ya tara maƙwabta suka ɓalle kwado, suka goge inji, suka zuba dizal, don Labbo ya shigo gari da kukan injinsa.

Daga kan babur ɗin da ya ɗauko shi daga Bungudu ya jiyo ƙarar, har ya fara murmushi. Sai ya kasa kunne. Kukan a bushe yake, ƙarfe na cin ƙarfe. Tsoho ya dire ya sheƙa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin ya isa, injin ya yi wata ƙara ya tsaya cik.

Dogo ya fito da fara'arsa tana gushewa. "So munka yi ka isko shi da rai."

Labbo yana haki ya ce, "Kun gaishe shi?"

Dogo ya sosa ƙeya. Abin tausayi, babu ma wanda zai yi wa faɗa, duk masoyansa ne. Ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya.

Washegari da safe ya ɗiga mai, ya ɗaga ɗan ƙarfen, ya kama hannun injin ya danna da duk ƙarfinsa. Hannun bai motsa ba.